Takobin wasa na yara: da me za a yi shi a gida?

Maman Sadiq (Unguwar Rimi, Kaduna): Assalamu alaikum iyaye, shawara nake nema. Tun da muka kai yaran nan Zariya kallon Hawan Daushe, gidana ya koma filin daga. Babban shekararsa 7, ƙaninsa 4 da rabi, kowa jarumi ne. Muciyata ta zama takobi, sandar mofa ta zama mashi, murfin tukunya garkuwa. Jiya da la'asar na leƙo tsakar gida na tarar babban ya samo guntun rodi daga kangon da ake ginawa kusa da mu, yana wulwula shi a saman kan ƙaninsa. Sai da gabana ya faɗi. Na ƙwace, na yi faɗa, yau da safe ga shi da reshen darbejiya ya fere bakinsa. Na ga alamar hani ba zai yi ba. Gara in yi musu wanda na yarda da shi. Da me ake yin takobin da ko sun maka wa juna ba za a ji ciwo ba?

Baban Hanifa (Kawo): Wa alaikumus salam. Hajiya me zai sa ki wahalar da kanki? Ki shiga Kasuwar Gumi wajen masu kayan wasa, ga su nan na roba, har da masu wuta da ƙara.

Maman Sadiq: Baban Hanifa ai na saya da ƙaramar Sallah. Kwana biyu bai cika ba ya tsage gida biyu, kuma inda ya tsagen kaifi ne da shi kamar fasasshiyar kwalba. Ƙaramin sai da ya yanke a tafin hannu.

Anti Nas (Malali): Tsayawa zan yi a kan masu wutar nan kafin a wuce. Da yawansu ƙaramin batir ne a ciki, mai faɗi kamar maɓalli, murfinsa kuma ba sukurun kirki. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya fara ƙona naman wurin. Ba a jira ya fita da kashi, asibiti ake nufa nan take. Duk gidan da akwai mai rarrafe ko mai sa abu a baki, a duba wannan.

Batun takobi kuwa, ni abin da nake tsoro ido ne. Ƙulu a goshi ya sace, ƙujewa ta warke, amma ido idan tsini ya shiga, sau da yawa an yi sallama da shi ke nan. Abin da ya fi yi wa yara ɓarna ba wani babban makami ba ne: tsinken tsintsiya, kara, fensir, waya, reshen da aka fere. Don haka duk abin da za a yi, ku riƙe abu ɗaya: bakin takobin ya fi ramin idon yaro faɗi. Idan ya kai faɗin yatsun babba uku zuwa huɗu, wato kamar santimita 6, kuma an zagaye shi an lulluɓe da abu mai laushi, ko an kai sara ƙashin gira da na kunci ne za su tare.

Kafinta (Tudun Wada): Salamu alaikum. Ni aikina ke nan. Maman Sadiq ki aiko da tsawon hannun yaran in fitar musu da na katako mara nauyi, in goge shi da samfefa har ya yi sulɓi, ba tsini ba sartse. Jikokinki ma sai sun gaje shi.

Anti Nas: Malam Kafinta, Allah ya saka da alheri, amma wannan ƙarkon shi ne matsalar. Idan takobi da kan yaro suka haɗu, ɗaya ne zai ba da kai. Ni na fi son takobin ya lanƙwashe.

Kafinta: Anti kin cika tsoro. Mu da muka tashi da sanda da gora da baka na roba, ga mu nan da idanunmu biyu.

Anti Nas: Ku da kuka tsira ne kuke ba da labari. Ka tuna ajinku na firamare da kyau, ba wanda yake da fari a ido ɗaya?

Kafinta: To, akwai kam. Amma shi kibiyar tsintsiya ce ta same shi, ba katako ba. Duk da haka na ji. Na katakon a bar wa masu shekara 10 zuwa sama, ko a rataye a bango don ado. Amma wanda zai yi ko ta halin ƙaƙa, kada ya haɗa ƙota da ƙusa. Ƙusa tana sassautawa ta leƙo. A fitar da shi daga falle ɗaya, kuma a guji ragowar katakon gini, don wani an shafe shi da maganin gara ko baƙin mai.

Malamar Nazire (Barnawa): Bari in ba ku yadda muke yi a aji, don duk ƙarshen zango sai mun yi ashirin ko fiye saboda wasan kwaikwayo.

Kwalin Indomie ko na madara ya isa, in an samu na firij ko talabijin ya fi kauri. Ki dubi gefen kwalin, za ki ga ramuka a jere kamar gidan zuma. Sirrin yana nan. Idan kika yanka takobin ramukan suna bin tsawonsa, zai tsaya ƙyam. Idan suka gitta, sara ɗaya zai karye a tsakiya yaro ya zo yana kuka. Ni falle uku nake yi: biyu na waje ramukansu na bin tsawo, na tsakiya ya gitta. Haka yake ba da ƙarfi ba tare da an sa masa sanda a ciki ba. Kuma don Allah kada a sa sanda a ciki. Wata shekara wani uba ya ga na ɗansa yana lanƙwasa, ya cusa masa wayar rataye kaya. Rana ɗaya wayar ta huda bakin kwalin ta fito, Allah ne ya sa rigar wata yarinya kawai ta yaga. Takobin da yake da laushi a waje da ƙarfe a ciki ya fi rodi haɗari, saboda rodi kowa na ganinsa ya yi hattara.

Tsawo kuma, daga hammatar yaro zuwa ƙarshen yatsunsa, kada ya wuce haka. In ya yi tsawo ba ya iya sarrafa shi, sai ya kwashe kofuna da fuskar wanda bai shiga wasan ba. Bakin, ki ɗora gwangwanin madara ki zagaye da biro ki bi layin da almakashi. Sai ki samo guntun soso wajen masu yin kujeru, a kasuwar Panteka ragowarsa tuli ce, ki naɗe bakin da gefunan ki bi da salatif mai faɗi. Gefen kwali da aka yanka yana yanka fata kamar yadda takarda ke yi, don haka kada a bar shi tsirara.

Marikin, ki ƙara falle biyu ki naɗe da tsohon ƙyalle. Abin da ke tare hannu kuwa, tsohon silifas ne. Ki wanke, ki yanka shi murabba'i mai tsawo, ki tsaga tsakiya ki zura takobin. Yatsu sun tsira ke nan, kuma su ne suka fi shan duka a wannan wasa.

Yanka aikin babba ne. Reza ko wuƙar kwali ba ta zuwa hannun yaro. Su nasu shafa gam da ado.

Maman Sadiq: Malama Allah ya biya ki. Wane gam? Akwai ragowar wanda maigidan ya liƙa takalmi da shi.

Malamar Nazire: A'a, wannan mai warin ki kai shi nesa. Ɗan'uwan sholisho ne, kin san abin da yaran titi ke yi da shi. Farin gam na kafintoci irin Top Bond ya wadatar. In babu, ki dama sitaci ko fulawa da ruwan zafi ya yi kauri kamar koko, ki ɗan sa gishiri. Ki danne takobin da turmi ko buhun shinkafa ya kwana, da safe ki shanya. Illar sitaci ɗaya, ɓera da kyankyaso suna sonsa, sai a rataye shi sama.

Baban Yusra (Rigasa): Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Ina karantawa tun ɗazu, kowa yana ta inci da santimita, ba wanda ya tambaya ko ya dace. A garin nan da muke fama da 'yan sara-suka, yaro ɗan shekara 15 yana yawo da gariyo da adda a cikin riga, mu kuma iyaye mu zauna mu ƙera wa 'yan shekara 4 takobi da hannunmu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai zauna unguwar da ake rufe ƙofa tun magariba saboda waɗannan yaran ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ki saya musu ƙwallo, Hajiya.

Baban Hanifa: Maganar Baban Yusra abin dubawa ce fa.

Maman Sadiq: Yaya, ƙwallo uku ne a gidan nan. Ban raina maganarka ba, ni ma na yi wannan tunanin. Amma ba ni na kawo musu sha'awar ba, ido ya riga ya gani. Sun ga mahaya a ƙofar fadar Zazzau, suna ganin fina-finan Turkiyya da ake fassarawa, hoton Sarauniya Amina da takobinta yana cikin littafinsu na makaranta. Zaɓin da ke gabana ba takobi ko babu ba ne, kwali ne ko rodi.

Baban Yusra: In kika tsaya kika hana da gaske zai bari. Mu ma an hana mu abubuwa mun hanu.

Hajiya Kaka (Unguwar Sarki): Baban Yusra, ɗana, zo in tambaye ka. Kai ba ka hau dokin kara ba? Lokacin da aka yi babban hawan FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata, a Kaduna a 1977 ina budurwa ƙarama, sarakuna suka zo da dawakai daga ko'ina, har otal ɗin Durbar aka gina saboda baƙi. Wata guda bayan nan ba yaron da ba shi da dokin kara da linzamin tsumma da takobin sille a unguwarmu. Ƙannena uku duk sun yi. Ɗaya ya yi ritaya yana malamin makaranta, ɗaya direba, ɗaya Allah ya yi masa rasuwa yana liman. Yaran da kake magana a kansu, ka bincika, ba wasa ne ya yi musu yawa ba. Ƙwaya ce, da rashin mai cewa ina ka je, ina ka kwana, da 'yan siyasar da ke ba su na kashewa. Uwar da ta zauna tana yanka wa ɗanta kwali ai idonta na kansa.

Amma karan nan kada ku ɗauka na yabe shi. Ɓawonsa reza ne, mun sha yankewa. Totuwar ciki ce mai laushi, ita muke yin mota da gadon 'yartsana da ita. Yanzu da kwali ya wadata ban ga dalilin ba yaro kara ba.

Baban Yusra: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba zan yi jayayya da ke ba. Dokin kara na hau. Amma zamaninku yaro yana ganin takobi a hannun dogari da mahayin sarki, yanzu yana ganinsa a hannun ɗan unguwarsu da ya sari mutum ya ƙwace waya. Abin koyin ne ya canza. Ni dai a gidana ba za a yi ba.

Malam na Islamiyya (Badarawa): Bismillah. Kowannenku yana da abin riƙo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Annabi (SAW) ranar idi, Nana A'isha tana kallo ta bayansa, bai hana ba. Ya kuma tabbata cewa ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, kuma ya ce a nisanci fuska wajen duka. To kun ga wasan jarumta yana da gurbi, iyakarsa ma an shata. Kwali ba ƙarfe ba ne, amma ladabin da za a koya da shi na ƙarfen ne: ba a nufar fuska, ba a nuna wa wanda ba ya cikin wasa, ba a ɗaga wa babba, wanda ya ce ya daina an daina da shi. Baban Yusra kuma yana da haƙƙin tsara gidansa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Ladi (Sabon Tasha): Sannunku. Mu ma a coci duk shekara yara suna yin wasan Dauda da Goliyat, kuma sai an yi wa Goliyat ƙaton takobi. Kwali muka daɗe muna yi, sai wani ɗan'uwa mai gyaran AC ya kawo mana baƙin soson nan mai rami da suke sa wa bututun AC. Ba nauyi ko kaɗan, ko a fuska aka maka sai dai dariya. Ana yanka shi kamar santimita 50, a naɗe gindin da salatif. In yana lanƙwasa da yawa, a murɗa takardar jarida a zura daga gindin zuwa rabi kawai, rabin sama a bar shi haka nan. Sai dai ƙananan yara suna gatsarsa, shi ya sa muke ɗinka masa riga da yadi. Majajjawar Dauda ce ta fi ba mu wahala, har muka koma dunƙulen safa maimakon dutse.

Anti Nas: Maman Ladi kin yi daidai da rigar. Duk abin da zai iya gutsurewa, ko a ɓamɓare shi, kamar duwatsun ado, maɓalli, ƙyalƙyali, a gwada shi da kwalin tsakiyar tishu. In ya wuce ta ciki, zai iya shaƙe ɗan ƙasa da shekara 3. Haka balan-balan da masu biki ke murɗawa su yi takobi: idan ta fashe, guntun robar yana manne wa maƙogwaro, fitar da shi wuya ne. A tsince nan take.

Tela (Kasuwar Barci): Tunda an zo kan ɗinki, ni ga nawa. Ragowar yadi mai kauri, jins ko kaki, a yanka siffar takobi biyu, a ɗinke, a cusa auduga ko ƙyallaye a danna sosai da muciya, sannan a bi tsawonsa da layin ɗinki uku ko huɗu. Layukan ne ke sa shi tsayawa. Dabarar lifidi ce, rigar audugar da mahaya da dawakansu ke sawa don sara kada ya shige su. Kakanninmu sun yi ta don tare takobi, mu mun mayar da ita takobin. Ana wanke shi, ruwan sama ba ya kashe shi kamar kwali. Na ɗan shekara 4 ɗin nan, wannan ya fi dacewa da shi.

Maman Sadiq: Kai, wannan ya yi. To kube fa? Babban ya dage sai da kube da igiyar ratayawa kamar na mahayan.

Tela: Hamila ke nan. Ana yi.

Anti Nas: Kube e, igiya a wuya a'a. Yaro yana hawa bishiya ko ƙofa, igiyar ta sarƙe, kafin a ankara an shiga uku. A ɗaura kuben a ƙugu, ko in lallai sai ta kafaɗa, a haɗa bakin da ɗan zare mara ƙarfi ko mannen nan na takalmin yara mai ƙarar ɓarewa, yadda da an ja zai rabu.

Kafinta: Anti Nas ko numfashi yaro zai yi sai kin samo haɗarinsa.

Anti Nas: Malam Kafinta, ka zo ka yi dare ɗaya a ɗakin gaggawa ranar Sallah, da kanka za ka riƙa rubuta irin nawa.

Baban Hanifa: Fenti fa? Akwai na fesawa ruwan azurfa da masu babur ke amfani da shi, zai sa ya yi ƙyalli kamar na gaske.

Malamar Nazire: Kada a yi. Na farko, fentin mai da na mota ba don hannun yara aka yi su ba, wasu akwai dalma a ciki, kuma yaro hannunsa daga wasa sai baki. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe. Can daga haƙar zinariya ce, amma gubar ɗaya ce, kuma kaɗan ɗinta ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Na biyu, ba a son ya yi kama da na gaske. A yanayin da ake ciki, abu mai ƙyalli a hannun yaro da magariba a lungu yana iya sa wani ya tsorata ya yi abin da ba a so. Kalar ruwa ta 'yan makaranta, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, yadda daga nesa kowa ya san wasa ne. In yaron ya nace sai ƙyalli, a liƙa ɗan cikin ledar biskit a kan marikin kawai.

Baban Yusra: Wannan maganar ta biyu ita ce kaɗai na yarda da ita ɗari bisa ɗari. In za ku yi, a bar shi cikin gida. Kada ya fita layi, kada ya je makaranta.

Anti Nas: Na ƙarshe daga gare ni, don tsautsayi ba ya sallama. In abu ya soki ido: kada a murza, kada a wanke da ƙarfi, kada a ciro abin da ya maƙale. Kada a ɗiga nono, ko ruwan sukari, ko tozali, ko ragowar maganin idon wani. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon ba tare da ya danne shi ba, a liƙe da filasta, kada a ba yaron abinci ko da za a shiga tiyata, a tafi. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan wajen Mando, mutane daga jihohi suke zuwa. Kada a ce bari a ga gobe.

Hajiya Kaka: Nonon nan kam mun ɗiga wa yara da yawa a zamaninmu, Allah ya yafe mana.

Maman Sadiq: Iyaye na dawo da rahoto. Ranar Asabar muka zauna, kwalin firij ɗin maƙwabciyata muka samu. Falle uku kamar yadda Malama ta ce, silifas ɗin babansu da ya tsinke ya zama matarin hannu, bai ma sani ba tukuna. Na ƙaramin kuma na kai wa telan layinmu ya yi na yadi. Na kafa doka uku, na sa suka maimaita: daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba a taɓa wanda ba shi da takobi, wanda ya karya doka takobinsa ya kwana a saman wardirof. Na babban ya riga ya kwana sau ɗaya.

Abin da ban zata ba, rigimar ta koma kan na yadin. Shi babban ya ce nasa na kwali ya fi kama da na gaske, amma na ƙanin ya fi daɗin duka, don ba na tsawatawa. Jiya kuma aka bar na kwalin a tsakar gida ruwa ya sauka, da safe ya zama fate.

Malamar Nazire: Haka ne, da damina sati biyu ne ransa. Ki yanka uku lokaci ɗaya ki ɓoye biyu.

Maman Sadiq: Yanzu kuma yaran maƙwabta huɗu sun yi layi a ƙofa kowa da kwalinsa a hammata. Tela, nawa za ka yi mini guda shida na yadi in na kawo ƙyallayen? Kafinta kai ma kada ka gudu, sun ce saura doki, kuma na rantse ba za a sake taɓa mini sandar mofa ba.

Kafinta: Kan dokin a yi shi da tsohuwar safa a cusa auduga, sandar ni zan goge in zagaye gindinta. Sai dai a fara kai wa Anti Nas ta sa hannu.

Anti Nas: A turo hoto.